AJALI NE KO SAKACI?

 Kada ka karanta wannan ƴar takarda kai kaɗai. Ka bari sai an ci tuwon dare, ka kira uwargida da tsohuwa da samarin gida, ka karanta musu da ƙarfi, gama maganar ta shafi kowa.

Zan fara da laifin kaina.

Shekara wajen talatin ke nan, ina sabon magidanci, ni nake bi da sujada a ƙauyenmu in mai bishara ya yi tafiya. Akwai wata yarinya cikin ikilisiyarmu, ba ta wuce shekara 15 ba, tana da cikin fari, ta koma gidan iyayenta goyon ciki. Naƙuda ta kama ta daren Alhamis. Don kunya ba ta faɗa wa kowa ba, sai da gari ya waye uwarta ta gane. Ran Jumma'a tsofaffi suka cika ɗaki, aka ba ta jiƙe-jiƙe, aka yi ta danna ciki. Mijin yana ci-rani a Nijeriya. Uban ya ce ba shi da ikon fitar da matar wani ba da iznin mijinta ba. Aka aiko mini in zo in yi addu'a. Na zo na tsaya a ƙofar ɗaki, na yi doguwar addu'a, na ce musu su yi haƙuri, Allah yana da lokacinsa. Na koma gida na yi barcina. Ran Asabar na sake zuwa, na sake faɗin haka.

Sai ran Lahadi, da muryarta ta ɗauke, muka ɗaura wa shanu amalanke muka nufi bakin hanya. Da yamma muka isa asibiti. Aka yi mata aiki, aka ciro ɗa namiji, ya riga ya mutu. Ita ta rayu, amma bayan mako guda fitsari ya soma zubo mata ba dare ba rana. Wata ungozomar asibitin ta dube mu, mu mazan da muka kawo ta, ta ce, "Ina kuke tun ran Jumma'a?" Ba wanda ya amsa.

Da muka koma gida mutane suka zo gaisuwa, kowa yana cewa kwanan yaron ne ya ƙare. Ni ma na faɗi haka. Amma tambayar matar nan ta hana ni sakat, ita ce kuwa na kawo maka yau.

ALLAH MAI ƘAYYADE KWANA

Gaskiya ne rai da mutuwa suna hannun Allah. Ba mai bi da zai yi musun wannan. Ba likitan da ya isa ya ƙara wa mutum kwana ɗaya in Ubangiji ya kira shi. To, sai wani ya ce, "In haka ne, mene ne amfanin gudu zuwa gidan likita? In tana da sauran kwana za ta haihu a ɗakinta. In ba ta da shi, ko an kai ta Yamai ba za ta tashi ba."

Maganar tana da kama da bangaskiya. Bari mu gwada ta da Littafi Mai Tsarki.

Ka buɗe Ayyukan Manzanni sura 27. Manzo Bulus yana cikin jirgin ruwa, hadiri ya yi ta jifa da su kwana 14, mutum 276 ke ciki. Allah ya aiko mala'ika ya tabbatar wa Bulus ba wanda zai mutu a cikinsu. Alkawari ya riga ya fito daga sama. Duk da haka, sa'ad da matuƙan jirgin suka so su sulale su gudu, Bulus ya gargaɗi sojoji cewa in masu sanin aikin jirgi suka tafi, su ma ba za su tsira ba. Ka lura da kyau. Allahn da ya ƙayyade za su tsira, shi ne kuma ya ƙayyade ta hannun matuƙa za su tsira. Bulus bai ga wani saɓani tsakanin abu biyun nan ba.

Haka Nehemiya, da maƙiya suka taso wa ginin garun Urushalima, ya yi addu'a, ya kuma sa matsara dare da rana. Haka sarki Hezekiya, Allah ya yi masa alkawarin ƙarin shekara 15, amma annabi Ishaya ya sa aka ɗora masa curin ɓaure a kan marurun. Wanda ya rubuta Bishara ta uku ma, wato Luka, likita ne.

Wane ne ya taɓa ba da shawara a bar hanyar da Allah ya tanada, a jira mu'ujiza? Iblis ne. Shi ya kai Ubangijinmu kan tsororuwar Haikali ya ce ya diro, ai mala'iku za su tare shi. Yesu ya ƙi, ya kira wannan abu gwada Allah. Matakala tana nan, mai son sauka sai ya bi ta.

Kai kanka ka san haka a gonarka. Ka gaskata Allah ne ke ba da ruwa, amma kana shuka, kana noman farko, kana maimai. In rumbunka ya kama wuta da tsakar dare, ba ka tsayawa ka ce in hatsin yana da sauran kwana ba zai ƙone ba. Kururuwa kake yi, gari duka ya fito da tuluna. Ashe, ɗan'uwa, damin gero ya fi matarka daraja?

SORO BA RAWANI

Shari'ar Musa ta san wani zunubi da mu ba mu cika kiran sunansa ba. A Maimaitawar Shari'a sura 22 an umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin rawani kewaye, don kada wani ya faɗo, alhakin jini ya hau kan gidan. Mai gidan bai tura kowa ba, bai ƙi kowa ba. Abin da ya kamata ya yi ne bai yi ba, Allah kuwa ya lissafta masa. A Fitowa sura 21 ma, wanda ya haƙa rami ya bar shi buɗe, dabbar maƙwabci ta faɗa ciki, shi zai biya. Sunan wannan zunubi sakaci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekara ta 2023 mata wajen 260,000 suka mutu ta dalilin ciki da haihuwa, kusan kashi 70 cikin 100 kuwa a ƙasashenmu na Afirka kudu da Sahara. Masana sun ce jinkiri iri uku ke kashe su: jinkirin yanke shawara a gida, jinkirin hanya, da jinkirin samun taimako bayan an isa. Na biyu da na uku suna da masu laifinsu, Allah zai tambaye su. Na farin kuwa a zaurenmu yake zaune.

HAƘURI DA KUNYA

Mu Hausawa muna girmama haƙuri, muna cewa mai haƙuri yakan dafa dutse. Littafi ma ya sa shi cikin albarkar Ruhu. Amma haƙuri shi ne ka jure abin da ya same ka kai kanka, wanda ba ka da ikon kawar da shi. Ni da na tsaya a ƙofar ɗaki ina cewa a yi haƙuri, mene ne na jure? Ciwon a jikin wata yake. Haƙuri da azabar wani ba shi da wuya ko kaɗan.

Kunya ma ado ce ga ɗiya mace. Amma mun koya wa ɗiyanmu cewa mai cikin fari ba ta ambaton cikinta, ba ta kuka a kan gwiwa, wadda ta haihu ita kaɗai a ɗaki ita ce jaruma. Ta haka yarinya takan kwana tana mutuwa, bango ɗaya tsakaninta da uwarta. Uwaye, ku gaya wa ɗiyanku tun ciki yana ƙarami, ranar naƙuda ba ranar kunya ba ce. Da ta ji ciwon mara da baya, ko faya ta fashe, ta yi magana.

Wani dattijo ya taɓa ce mini, "Ai Allah ne ya ɗora wa Hawwa'u wahalar haihuwa, don me za mu rage ta?" Na ce masa, "Baba, a wannan sura ta 3 ta Farawa aka ɗora wa Adamu ƙaya da sarƙaƙƙiya da zufa. Ga shi kana sassabe, ka kuma sayi shanun huɗa don ka rage zufar. In rage wahalar namiji ba zunubi ba ne, yaya rage ta mace ya zama zunubi?" Ya yi dariya, bai ƙara ba.

ABIN DA KE FARUWA A DOGUWAR NAƘUDA

Da na san abin da zan faɗa maka yanzu, da ban yi barci a daren Jumma'ar nan ba.

Jariri yana fitowa ta wata ƙofa ta ƙashi, wato ƙugu. In uwar yarinya ce da ƙashinta bai gama girma ba, ko kan ɗan ya yi girma, ko ya kwanta a gicciye, ba zai wuce ba ko an yi kwana bakwai. Jiƙo ba ya buɗe ƙashi. Danna ciki yana iya fasa mahaifa. Yankan gishiri nama yake yanka, ƙashin yana nan yadda yake, sau da yawa ma askar takan huda mafitsara.

Sa'ad da kan ɗan ya tokare, yana matse mafitsara a jikin ƙashi. Jini ya daina zuwa wurin, naman ya mutu, bayan ƴan kwanaki ya zube ya bar rami. Wannan shi ne yoyon fitsari. Ba maita ba ce, ba kuma hukuncin zina ba ne, kamar yadda waɗansu ke cewa a ƙyale mace sai ta faɗi sunan wani kafin ta sauka. Maganin tokarewa shi ne a yi aiki a ciro ɗan da sauri. A shekara ta 2005 gwamnatin Nijar ta yanke cewa wannan aiki kyauta ne a asibitocinta, a 2006 kuma ta ƙara da awon ciki. Duk da haka ka riƙe kuɗi a hannu, gama akwai mota, akwai abinci, wani lokaci akwai maganin da za a ce ka sayo.

Abin da ya fi kyau shi ne ta tafi gidan likita da zarar naƙuda ta soma. In kuwa ta soma a gida, ga ma'auni: naƙudar da ta kai sa'a 12, wato daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ta wuce ta gida. Akwai kuma alamun da ba a jira musu ko sa'a ɗaya:

1. Jini ya zubo kafin haihuwa.
2. Hannu ko ƙafa ko igiyar cibiya ta riga kai fitowa.
3. Ciwon kai mai tsanani, da gani dishi-dishi, da kumburin fuska da hannuwa.
4. Jijjiga, tana taune harshe. Ba iskoki ba ne, hawan jini ne na masu ciki, akwai kuwa allurarsa a gidan likita.
5. Faya ta fashe, an wuni naƙuda ba ta zo ba, ko zazzaɓi ya rufe ta.

BAYAN AN YI GUƊA

Kuskurenmu na biyu shi ne, da mun ji kukan jariri sai mu ce an gama. Maza su tafi neman rago, mata su kewaye jariri, a manta da uwar. A wannan lokaci ne zubar jini ke ɗauke mata da yawa, tana kuwa iya kashe mace lafiyayya cikin sa'a biyu. Tsofaffi sukan ce mugun jini ne ke fita, a bar shi. Ba mugun jini a jikinta, ranta ne ke tsiyaya. Likitoci suna lissafin rabin lita ya riga ya yi yawa. In zane ya jiƙe sharkaf aka sake wani, shi ma ya jiƙe, ko ta ce tana ganin jiri, jikinta ya yi sanyi, a sa mata jariri a nono, a murza marar har ta yi tauri, a kama hanya nan take. In mabiyiya ba ta faɗo ba bayan rabin sa'a, kada a ja igiyar, a tafi. A gidan likita akan yi wa mace allura da zarar ɗan ya fito, don mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Saboda haka ne ake so ta kwana ɗaya cur a can, ta kuma koma a duba ta a rana ta uku, da cikin mako na biyu, da bayan mako shida. Zazzaɓi ko ruwa mai wari bayan haihuwa ma ba abin jira ba ne.

Sai maganar jego. Al'adar hutun kwana arba'in abu ne mai kyau, mu riƙe ta: mai jego ta huta da daka da ɗaukar ruwa, ta ci nama, ta sha kunu. Amma ruwan wanka mai tafasa ya ƙone mata da yawa, mai ɗumi ya isa. Kanwa kuwa ƴar'uwar gishiri ce, in ta yi yawa tana tara ruwa a jiki, tana ƙara wa zuciya kaya. Tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka rubuta labarin yawan masu jego da ake kawo musu zuciyarsu ta gaji, suka ja kunne a kan kunun kanwa da zafin da ake gasa su da shi. In mai jego ta kumbura, tana haki, tana tari, ba ta iya kwanciya sai a zaune, zuciya ce, a kai ta. Nonon fari kuma, wato dakashi, kada a matse a zubar. Shi ne rigakafin farko da Allah ya shirya wa jariri.

AIKIN WA?

Kai mai gida, naka ne fiye da na kowa, gama izni a bakinka yake. Manzo Bulus ya umarci maza su ƙaunaci matansu irin ƙaunar Almasihu ga ikilisiya, shi kuwa ransa ya bayar. Kai ba a roƙe ka rai ba, akuya ɗaya ce ko tiya kaɗan ta wake. Kana da wata tara na shiri. Ka bar ta ta je awo, tun shekara ta 2016 ma shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce sau takwas. A can ake auna jininta, a ba ta ƙwayar ƙarin jini da ta rigakafin zazzaɓin sauro, a yi mata allurar da ke tsare jariri daga ciwon nan mai sandarar da jiki ya ɗaure baki. Ka ware kuɗin haihuwa tun da kaka, kafin na ragon suna. Ka san mai mota ko mai babur da za ka kira da dare, ka riƙe lambar salularsa. In za ka tafi ci-rani, ka tara iyayenka da nata, ka faɗa a gabansu cewa ka ba da izni tun yau, kada a jira ka. In aka ce ana bukatar jini, ka miƙa hannunka. Kada kuma ka aurar da ɗiyarka ƙashinta bai ƙosa ba.

Ku iyayenmu mata da ungozomomin gari, ba raina ku muke yi ba. A hannunku aka haife mu. Littafin Fitowa ya riƙe sunayen ungozoma biyu, Shifra da Fu'a, amma bai faɗi sunan Fir'aunan da ya ba su umarni ba. An tuna da su domin sun ji tsoron Allah, sun bar jarirai da rai. Ungozoma mai tsoron Allah a yau ita ce wadda ta san iyakar hannunta, ta ce, "Wannan ta fi ƙarfina, ku tashi mu tafi," ta kuma raka ta.

Na sani waɗansu mata suna gudun gidan likita domin an taɓa yi musu tsawa, ko an bar su a kan tabarma ba mai dubawa. Wannan ma zunubi ne, masu yinsa za su ba da lissafi. Amma maganinsa shi ne a raka mace da wanda zai yi magana dominta. Ikilisiya tana iya wannan. Zumuntar mata ta san kowace mai ciki da watanta. Dattawa su ajiye ɗan asusu na mota, a ranta wa kowa, Kirista ko Musulmi, gama Basamariyen nan bai tambayi addinin wanda ya tarar a hanya ba. Asibitin Galmi, tsakanin Ƙonni da Madawa, yana aiki tun 1950. Akwai asibitocin uwa da yaro a Maraɗi da Damagaram da Tawa, da babban gidan haihuwa na Issaka Gazobi a Yamai. Gidan likitan da ke kusa da kai shi zai tura ka inda ya dace.

Wadda yoyo ya riga ya same ta, kada a kore ta bayan gida. Yawancinsu suna warkewa da aiki. A shekara ta 2012 aka buɗe wurin yi musu aiki a Danja kusa da Maraɗi. Ka tuna da matar nan mai zubar jini shekara 12, wadda kowa ke ƙyama. Ta taɓa rigar Yesu a ɓoye, shi kuwa ya tsaya a gaban taro ya kira ta ɗiya.

IN AN YI DUKA, AKA RASA FA?

Yakan faru. Rahila matar Yakubu tana da ungozoma a gefenta a hanyar Efrata, duk da haka ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu. Wani ya kai matarsa da wuri, likita ya yi iyakar ƙoƙarinsa, Ubangiji ya ɗauke ta. Wannan mutum yana da ikon cewa kwana ya ƙare, ya kuma sami ta'aziyya a ciki. Kalmar gaskiya ce a bakinsa. Amma kada mu ara ta mu rufe abin da muka ƙi yi.

Wataƙila kana karanta wannan zuciyarka tana sukarka, domin kai ma ka taɓa tsayawa a ƙofar wani ɗaki. Ban rubuta don in kashe ka da baƙin ciki ba. Da na sani ƙeya ce, ba ta komo da kowa. Amma jinin Yesu Almasihu ya isa ya wanke zunubin sakaci kamar kowane zunubi, in an kira shi da sunansa an tuba. Ni sai bayan shekaru na je wurin matar nan, bayan an yi mata aiki ta warke, na durƙusa na roƙi gafararta. Ta ce ta yafe tuntuni. Tun daga ranar, in an kira ni addu'a wurin mai naƙuda, tambayata ta fari ita ce, "Tun yaushe ta soma?" Addu'ar kuwa a kan hanya muke yinta.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, kai ne mai ba da rai. Ka gafarta mana inda muka ɓoye sakacinmu a bayan sunanka. Ka ba matanmu bakin faɗin ciwonsu, ka ba mu kunnen ji da ƙafar tashi. Ka sa albarka ga hannun ungozomomi da likitoci, ka ba su tausayi. Ka sauki masu ciki lafiya, ka raya abin da suka haifa. Cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Amin.

In ka gama, ka miƙa wa maƙwabcinka wanda matarsa ke da ciki.